Frantz Fanon, likitan da majinyatansa na Blida suka sake koya wa aiki

Mafi yawan waɗanda suka san sunan Frantz Fanon a ƙasashen renon Faransa sun san shi ne a matsayin marubucin gwagwarmaya, mai littafin Les Damnés de la terre, wanda ɗaliban jami'a daga Lome zuwa Yamai suke ambata duk sanda zancen mulkin mallaka ya taso. Amma sana'ar da ya ci abinci da ita likitancin ƙwaƙwalwa ce. Shekara 36 kacal ya yi a duniya, kimanin takwas daga ciki ya yi su ne a ɗakunan masu taɓin hankali a Faransa da Aljeriya da Tunisiya. A tsawon wannan lokaci tambaya guda ta riƙa bin sa: mene ne yake dawo da mutumin da hankalinsa ya gushe cikin mutane? Amsar da ya bayar ta yi ta sauyawa, kuma kusan kowane karo majinyatan ne suka tilasta masa sauya ta.

An haife shi ranar 20 ga Yulin 1925 a Fort-de-France, babban birnin tsibirin Martinik da ke yankin Karibiyan, inda akasarin jama'a jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Mahaifinsa ma'aikacin kwastan ne, mahaifiyarsa tana da kanti. Ya yi sakandare a makarantar Schoelcher, inda mawaƙi Aimé Césaire yake koyarwa. Kamar sauran yaran gidajen masu rufin asiri a tsibirin, ya tashi yana ɗaukar kansa cikakken Bafaranshe.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fara warware masa wannan. Ya shiga rundunar 'yantar da Faransa yana ɗan shekara 18, aka bi da su ta Maroko da Aljeriya kafin a tsallaka da su Turai. A cikin rundunar ya tarar da mutane hawa-hawa: Turawa a sama, 'yan Karibiyan irinsa a tsakiya, sannan a can ƙasa sojojin da ake kira 'yan Senegal, waɗanda a gaskiya an ɗebo su ne daga ko'ina a Afirka ta Yamma, har da Nijar da Dahomey da Haute-Volta. An ji masa rauni a gabashin Faransa a ƙarshen 1944, aka ba shi lambar yabo ta Croix de guerre. Hafsan da ya ba shi lambar, Raoul Salan, shi ne daga baya ya zama babban kwamandan sojan Faransa a Aljeriya, a ɓangaren da Fanon ya yaƙa.

Bayan yaƙi ya karanci likitanci a Liyon. A asibitocin birnin ne ya fara lura da abin da ya zama tushen tunaninsa. Leburori 'yan Arewacin Afirka suna zuwa suna kukan ciwo, a tambaye su ina ke ciwo, su ce ko'ina. Likita ya duba ciki ya duba ƙirji bai ga komai ba, sai ya yanke cewa mutumin maƙaryaci ne ko malalaci mai gudun aiki, ya yi masa magana kamar yaro, ya sallame shi. A wata maƙala da mujallar Esprit ta buga a Fabrairun 1952, Fanon ya nuna cewa ciwon na gaske ne. Mutum ne da ya bar iyali a ƙetaren teku, yana kwana a ɗakin da ba na mutane ba, ba mai kiran sa da sunansa, kuma jikinsa ne yake faɗin abin da bakinsa ba shi da harshen faɗa. Duk wanda ya taɓa zaman ci-rani a garin da ba a jin yarensa zai gane wannan majinyaci. A shekarar ce kuma littafinsa na farko, Peau noire, masques blancs, ya fito. Da shi ya so ya kare digirinsa, malamansa suka ƙi, dole ya rubuta wani kundin a kan wata cutar jijiyoyi.

Daga nan ya tafi Saint-Alban, wani asibitin masu taɓin hankali a ƙauyen tsaunukan Lozère, ya yi aiki fiye da shekara guda a ƙarƙashin François Tosquelles, likita ɗan Kataloniya da ya gudo daga Sifaniya bayan nasarar Franco. A shekarun yaƙi majinyata fiye da 40,000 yunwa ta kashe a irin waɗannan asibitoci a Faransa. Saint-Alban ya tsira daga mafi munin abin saboda an buɗe ƙofa, majinyata suna fita su taya manoma aiki a ba su abinci. Tosquelles ya fitar da darasi daga nan: asibitin kansa ba shi da lafiya. Kulle da zaman banza da tsawar ma'aikata suna haifar da wani haukan a kan na asali, don haka sai an yi wa gidan magani kafin a yi wa na cikinsa. Aka kafa ƙungiyar majinyata, da jarida, da wuraren sana'a, da taruka inda majinyaci zai iya ƙalubalantar likita. Da wannan guzuri Fanon ya fito, yana da yaƙinin cewa ya samu mabuɗi.

Ya so aiki a Afirka ta Yamma, har ya rubuta wa Léopold Sédar Senghor yana neman gurbi a Senegal, bai samu amsa ba. Sai gurbi ya samu a Aljeriya. A Nuwamban 1953 ya isa asibitin Blida-Joinville, kudu da birnin Aljiyas, wanda ke ɗauke da majinyata kusan 2,000, fiye da adadin da aka gina shi dominsu. Aƙidar da ke mulki a wurin ita ce ta Farfesa Antoine Porot da almajiransa, masu koyar da cewa ƙwaƙwalwar ɗan Arewacin Afirka ba ta kammala girma ba, shi ya sa yake da saurin fushi da zub da jini. Ba a Aljeriya kaɗai ake wannan magana ba. A 1953 ɗin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin J. C. Carothers, likitan Ingila a Kenya, mai irin wannan ra'ayi a kan baƙar fata baki ɗaya.

Akwai labarin da ya yaɗu cewa a ranar farko Fanon ya zagaya ɗakuna yana kwance wa majinyata sarƙa da hannunsa. Waɗanda suka yi aiki da shi sun ce an ƙara wa zancen gishiri. Abin da ya faru a zahiri ya fi wannan jinkiri, ya kuma fi shi amfani ga mai son koyo.

An ba shi ɓangarori biyu: mata Turawa 165, da maza Musulmi 220. Shi da mataimakinsa, wani matashin likita mai suna Jacques Azoulay, suka fara da ɓangaren mata. Suka kafa taron likitoci da ma'aikatan jinya da majinyata, aka yi bikin Kirsimeti, aka kawo silima da kiɗa, aka buɗe wurin saƙa da ɗinki, aka fara jaridar mako-mako mai suna Notre Journal. Cikin 'yan watanni ɗakin ya canza. Ihu ya ragu, an daina ɗaure mutane a gado, matan da suka yi shekaru ba su kula da jikinsu ba suka fara neman tufafi masu kyau, wasu aka sallame su.

Sai suka ɗauki tsarin nan kamar yadda yake suka kai ɓangaren maza. Ya rushe gaba ɗaya. A kira taro, mutane su zauna shiru, wasu su tashi su fice. A nemi a yi waƙar taro, ba mai buɗe baki. Wasannin da aka kawo ba wanda ya kula su. A kunna silima, su bar wurin. Saƙar kwando da aka ba su a matsayin sana'a suka ƙi taɓawa, jaridar kuma kusan babu mai iya karanta ta. Ma'aikatan jinya suka gaji, suka koma ga abin da suka saba na ɗauri da kulle. Bayan kimanin wata uku babu abin nunawa.

Bayanin da ya fi sauƙi yana nan a ajiye, Porot ya riga ya rubuta shi: mutanen ne ba sa waraka. Fanon da Azoulay suka ƙi ɗaukar sa. A maƙalar da suka buga a mujallar L'Information psychiatrique a 1954, wadda har yau tana cikin rubuce-rubuce mafi gaskiya da likita ya yi a kan gazawarsa, sun ɗora laifin a kan hanyar da suka bi. Sun ɗauka cewa abin da ya yi wa Bafaranshiya daɗi zai yi wa manomin tsaunukan Aljeriya, wato sun aikata a cikin asibiti abin da gwamnatin mallaka take yi a waje. Bikin da suka shirya ba na mutanen ba ne. Saƙar kwando a wurinsu aikin mata ce. Namiji mai mutunci ba ya tsayawa cikin taro yana rera waƙa don an ce ya yi.

Abin da ya fi damun su shi ne tafinta. Fanon ba ya jin Larabci ko Kabilanci, komai sai an fassara. Ga ɗan Aljeriya na lokacin, tafinta mutum ne da ake gani a kotu da ofishin 'yan sanda da gaban jami'in mulki, don haka da zarar ya tsaya tsakaninsa da likita, hira ta zama tuhuma. Sannan majinyaci zai yi dogon bayani a kan abin da ke cin ransa, tafinta ya dunƙule shi a jimla guda, alhali a irin wannan jinya maganin yana cikin kalmomin da aka zubar. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a arewacin Togo. Tsohuwar da ke jin Hausa da Kotokoli a zangon Sokodé, ko manomin Moba a Dapaong, idan suka zauna gaban ma'aikacin lafiya da aka horar da Faransanci, sau da yawa ɗa ko jika ne yake fassara, kuma akwai abubuwan da uwa ba za ta taɓa faɗa ta bakin ɗanta ba.

Suka sake lale. Fanon ya fara koyon Larabci, ya shiga karatun yadda ƙauyukan Aljeriya suke rayuwa, da yadda ƙwace filaye ya mai da manoma 'yan ci-rani. Suka tambayi kansu inda namiji yake zama da 'yan uwansa maza a waje, amsar kuwa ita ce gidan gahawa. Sai aka buɗe gidan gahawa a cikin asibiti, inda za a zauna a sha, a buga karta da domino, a yi hira. Aka fara bukukuwan Sallah da Mauludi, malami yana zuwa, aka gayyato mai ba da labarai irin na kasuwa, mawaƙi Abderrahmane Aziz ya shigo da kiɗan da kunnuwansu suka sani. Waɗanda suka tashi da noma aka ba su fartanya da fili. Aka share filin ƙwallo, majinyata da ma'aikata suna bugawa tare. Mutanen da aka ce ba su da abin faɗa suka fara magana.

Wani ƙaramin gwaji da ya yi da Charles Geronimi a 1956 ya ƙara tabbatar masa. Akwai jarrabawar da ake nuna wa majinyaci hotuna a ce ya ƙirƙiro labari a kansu. Matan Aljeriya da aka nuna wa sai su lissafa abin da ke cikin hoton kawai, ko su ce ba za su faɗi abin da ba su sani ba don ƙarya ce. Mai bin Porot zai ce ba su da basirar ƙirƙira. Amma da aka miƙa musu farar takarda wadda babu komai a kanta, sai labarai suka ɓarke. Hotunan na falo da tufafi da fuskokin Turawa ne, babu ƙofar da za su shiga ta ciki.

A shekarar ce kuma shi da François Sanchez suka rubuta a kan yadda Musulmin Magrib suke kallon hauka, bayan sun halarci wuraren da malamai da masu zawiyya suke yi wa marasa lafiya magani. Sun lura cewa inda aka yarda aljani ne ya shiga mutum, ba a ɗora wa mutumin laifi. Abin da ya faɗa ko ya fasa ba shi ya yi ba, ana ci gaba da ciyar da shi, in ya warke ya koma matsayinsa ba tare da tabo ba. A asibitin Turawa kuwa, ma'aikaci yakan ji haushin majinyaci kamar da gangan yake yi, ya hukunta shi. Fanon bai yarda aljanu ne ke kawo cutar ba, kuma bai bar magungunan zamaninsa ba: ya yi amfani da jona lantarki a kai da allurar insulin mai sumar da mutum, hanyar da aka daina yanzu. Abin da ya gani a wurin malaman shi ne mutuncin da suke bar wa marar lafiya. A nan hoton da ya zana ya fi abin da ake gani kyau. Wanda ya san gidajen mari da turu a ƙasar Hausa, ko wuraren addu'a da ake ɗaure mutane a gindin bishiya a Togo da Gana da Benin, ya san imani da iskoki bai hana a sa wa mutum sarƙa ba.

Ba shi kaɗai yake wannan laluben ba a nahiyar. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata tare da danginsu a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya. Bayan 'yan shekaru Henri Collomb ya mai da asibitin Fann na Dakar wurin da ake zaman da'ira irin na dandalin ƙauye, kowane majinyaci da ɗan rakiyarsa. Abin da ya raba Fanon da su shi ne yaƙi.

Ranar 1 ga Nuwamban 1954 ƙungiyar FLN ta ɗauki makami. Ba a daɗe ba ɓangaren Fanon ya zama maɓoyar 'yan gwagwarmaya da hanyar samun magunguna. A lokaci guda yana karɓar waɗanda aka azabtar da masu azabtarwar. Labaransu suna babi na ƙarshe na Les Damnés de la terre, babin da masu ambaton littafin suka fi tsallakewa. Akwai ɗan sanda Bafaranshe da kururuwar waɗanda ake gana wa azaba take hana shi barci, har yana toshe kunnuwa da auduga. Wata rana ya zo ganin likita, yana yawo a harabar asibitin sai ya yi kiciɓis da wani da ya taɓa azabtarwa. Aka tarar da ɗan sandan jingine da bishiya yana rawar jiki yana gumi, shi kuwa ɗayan aka same shi a banɗaki yana ƙoƙarin kashe kansa, don ya ɗauka an zo a sake kama shi. Akwai sufeton da ya fara dukan matarsa da 'ya'yansa, har da jariri. Ya san aikinsa ne sanadi, amma ba ya son barin aikin. Abin da ya nema shi ne likita ya taimake shi ya ci gaba da azabtar da mutane hankalinsa kwance.

A gaban irin wannan buƙata kalmar waraka ta rasa ma'ana. Idan aikin likita shi ne ya mai da mutum ya dace da wurin da ya fito, to me zai yi in wurin ne yake haukata mutane? A 1956 ya rubuta wa Robert Lacoste, ministan Faransa mai kula da Aljeriya, takardar ajiye aiki. Hujjarsa ita ce hauka rashin 'yanci ne, likitancin ƙwaƙwalwa kuma ƙoƙari ne na hana mutum zama baƙo a muhallinsa, alhali tsarin mulkin ya mai da ɗan Aljeriya baƙo na dindindin a ƙasarsa. A Janairun 1957 aka kore shi daga Aljeriya.

A Tunis ya shiga FLN a fili, yana rubutu a jaridar El Moudjahid, amma bai bar asibiti ba. Ya fara a Manouba, sannan ya buɗe cibiyar jinyar yini a asibitin Charles-Nicolle, abin da ba a saba gani ba a Afirka a lokacin. Majinyaci ya zo da safe, a yi masa magani, a zauna da shi a yi hira, da yamma ya koma gida kamar mai dawowa daga aiki. A rahoton da shi da Geronimi suka buga a 1959, Fanon ya juya ya soki abin da ya koya a Saint-Alban. Duk kyan ƙaramar al'ummar da aka gina a bayan katanga, ta roba ce, kuma majinyaci ya san ba shi da ikon fita. Wanda yake kwana a gida kuwa yana nan a matsayin miji ko uwa, rigimar da ta kwantar da shi tana nan da ranta, kullum yana kawo ta sabuwa a duba. Likita ya daina zama mai gadi, ganawar ta zama ta mutum biyu masu 'yanci, tunda ɗayan yana iya ƙin dawowa gobe.

Wannan muhawara ba ta tsufa ba a Togo, inda babban asibitin masu taɓin hankali na gwamnati yake Zébé a Aného, can bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 600 daga Dapaong. Iyalin da suka kai ɗansu can sun raba shi da harshensa da masallacinsa da majalisarsa a lokaci guda, shi ya sa da yawa suke fara zuwa wurin malami a yi ruƙiyya da rubutu. Ƙungiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon, ɗan Benin da ya yi suna wajen kwance wa masu taɓin hankali sarƙa, wadda ke da cibiyoyi a Djougou da Sokodé, tana ɗaukar waɗanda suka samu sauƙi su zama masu jinyar sababbin zuwa, tana kuma mai da mutane gida da sana'a a hannu.

Shekarunsa na ƙarshe siyasa ta cinye su. Ya halarci taron al'ummomin Afirka da Kwame Nkrumah ya kira a Accra a Disamban 1958. A 1959 ya ji mummunan rauni a mota a kan iyakar Maroko da Aljeriya, aka kai shi Roma jinya, inda ya tsallake yunƙurin kisa. A Maris 1960 gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya ta naɗa shi wakilinta a Accra, yana can Togo ta samu 'yanci ranar 27 ga Afrilu. A ƙarshen shekarar ya bi hanyar Bamako da Mopti da Gao har Tessalit, yana neman hanyar shigar da makamai Aljeriya ta Sahara. Ya dawo a gajiye, gwaji ya nuna sankarar jini.

An kai shi Mosko, ya ɗan samu sauƙi, ya dawo Tunis ya yi shiftar Les Damnés de la terre cikin 'yan watanni, yana faɗa ana bugawa. Duk da zafin shafukan farko a kan tashin hankali, bai yi wa majinyatansa alkawarin cewa 'yancin ƙasa zai warkar da su ba. Ya rubuta cewa da yawa daga cikinsu za su ɗauki raunin har ƙarshen rayuwa, ya kawo misalin wani ɗan gwagwarmaya da ya dasa bam a gidan shaƙatawa, wanda duk shekara idan ranar ta kusato barci yake ƙaurace masa, bayan ƙasarsa ta riga ta samu 'yanci.

A Oktoban 1961 aka kai shi Amurka, ƙasar da bai so zuwa ba. Ya rasu ranar 6 ga Disamba a asibitin Bethesda kusa da Washington, an kwantar da shi da sunan Ibrahim Omar Fanon da ke kan fasfonsa, kwanaki kaɗan bayan littafin ya fito a Paris, inda 'yan sanda suka bi kantuna suna kwashe shi. Aka kai gawarsa Tunis, mayaƙa suka tsallaka da ita iyaka suka binne shi a ƙasar Aljeriya kamar yadda ya yi wasiyya, wata bakwai kafin samun 'yanci. Daga baya aka mai da kabarinsa maƙabartar shahidai ta Aïn Kerma. Asibitin Blida yanzu sunansa yake ɗauke da shi. Rubuce-rubucensa na likitanci kuwa sun zauna a warwatse cikin tsofaffin mujallu fiye da shekara 50, sai a 2015 aka tattara su a littafin Écrits sur l'aliénation et la liberté.